Daminar da Na Hau Maɗacin Gonar Ayuba da Waya a Aljihu

Marka ta kama mu bana tun farkon watan Agusta. Kwana shida ke nan ba mu ga rana ba, tufafi sun ƙi bushewa, gishiri ya narke a kwano, icen girki kuwa hayaƙi kawai yake bayarwa. Ana cikin haka, Larabar da ta wuce, saƙo ya shigo wayata daga jami'ar da na yi digirina na biyu ta intanet. Wai suna son tsofaffin ɗalibai su rubuta abin da suka ƙaru da shi a kwas ɗin koyon haɗin gwiwa, kuma sun ba da wani ɗan akwati da ba ya ɗaukar abin da ya wuce layi uku. Na karanta sau biyu, na yi tsaki, na kife wayar a kan tabarma. Ba na shakka hannun da ya tsara akwatin nan shi ne ya tsara mana kwas ɗin.

Tun da abin da nake da shi ba zai shiga akwatinsu ba, bari in rubuta shi a nan.

Sunana Idi, malamin firamare ne ni. Ƙauyenmu yana yankin Kakangi, daidai inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara. Shekarar da nake magana a kanta ba ta yi nisa ba, yaran da aka haifa a cikinta yanzu ne suke koyon baƙaƙe. Amma duk wanda ya yi ta a nan ya tsufa da ita. Kakar da ta gabace ta rabin amfanin gona a daji aka bar shi, don ba mai iya zuwa ya girbe saboda 'yan bindiga. Kafin ruwan shuka ya sauka, matata Hassana tana leƙa rumbu tana jin muryarta tana dawo mata. Bazarar ta yi zafi irin wanda kwanon rufi ke ƙara da rana tsaka. An rufe makarantarmu, malamai biyu sun koma garuruwansu, iyaye kuma sun daina turo yara. Ni da nake ɗan gari sai na koma gona kamar kowa.

Tukunya sau ɗaya take hawa wuta a gidana, bayan la'asar. Da safe kunun tsamiya ne babu sukari, tsararo, kana sha kana ganin gindin kofi. Da ruwa ya zauna sai tafasa da rama suka fito, Hassana ta riƙa kwaɗa su da ɗan ƙuli-ƙuli, mu ci mu sha ruwa mu ce alhamdu lillahi. Yunwar damina ba ta da hayaniya. Kana tsaye a gona sai ka ji gwiwarka ta yi sanyi, idonka ya yi duhu na ɗan lokaci, ka dafa hauya har ya wuce.

A cikin wannan hali nake karatun digiri na biyu. Kada a ɗauka son ilimi ne ya yi mini yawa. So nake in sami takardar da za ta ba ni damar neman koyarwa a wata kwaleji a cikin gari, in kwashe Hassana da yaranmu uku daga bakin dajin nan. Izinin karatun da ofis ya ba ni a ƙarshen shekarar zai ƙare, kuma kwas ɗaya ne ya rage mini kafin rubutun kammalawa. Kwas ɗin a kan tsara darasi ne, da yadda ake sa ɗalibai su koya tare.

Malamin da ke koyar da shi ban taɓa ganinsa ido da ido ba, Dakta kawai muke ce masa. A waya fuskarsa ba ta wuce girman akwatin ashana ba, bayansa littattafai ne a jere, gefensa fanka tana juyawa. Mutum ne mai laushin murya, kuma ya yarda da tsarinsa ƙwarai. Na'ura ta raba mu huɗu-huɗu. Kowane rukuni zai tsara darasi guda, zai kuma yi zama huɗu kai tsaye a kan layi, kyamara a buɗe, kowa a ga fuskarsa. Zama ba ya shiga lissafi sai mutum ya yi minti arba'in, kuma na'ura ce ke ƙirgawa. Wanda ya rasa fiye da zama biyu ya faɗi, ko da shi ya rubuta aikin gaba ɗaya. Wanda ya faɗi sai ya jira shekara ta zagayo, ni kuwa ba ni da wata shekarar.

Shugabar rukuninmu Hajiya Nafisa ce, ma'aikaciyar wani ofis a Abuja. Sauran biyun ɗaya yana Kaduna ɗaya yana Legas, ba su da yawan magana, duk abin da Hajiya ta ce sai su ɗaga babban yatsa. Abin dariya, in da dariya a ciki, shi ne aikin da aka ba mu: mu tsara darasi don yaran da suke zaune inda babu sabis ɗin waya.

Turken sabis ɗin da ke yi mana aiki ya mutu tun bazara, saboda motar da ke kawo masa mai ta daina shigowa. Duk mai son kira sai ya hau babur ya tafi Birnin Gwari, a hanyar da kowa ke karanta duk addu'ar da ya sani. Zama na farko a can na yi shi, a shagon wani mai cajin waya. Na biyu ya faɗo ranar da aka ce kada kowa ya bi hanya. Na uku na isa gari lafiya, amma ruwan sama ya riƙe ni a wata rumfa, na shiga saura minti goma a tashi, na'ura ta rubuta ban zo ba.

Na rubuta wa Dakta doguwar takarda, na bayyana masa komai. Amsarsa ta zo cikin ladabi. Ya ce ya tausaya mini, amma an yi tsarin ne don a yi wa kowa adalci, kuma ba shi ke ƙirga mintoci ba. Hajiya Nafisa kuwa murya ta aiko mini.

"Malam Idi, kowa fa yana da uzuri. Mu ma shekaranjiya awa biyu aka ɗauke mana wuta, amma na shiga. Don Allah a daure, kada ka ja mana."

Na saurari muryar nan sau uku a bakin shagon mai caji, kuma kowane sauraro raina ƙara ɓaci yake. Ba don ban yi aiki ba ne. Ni nake rubuta kusan komai a takarda da biro, in ɗauki hotonsa in tura duk ranar da na shiga gari. Ƙashin bayan aikin ma ni na kawo shi, don na ce musu mu gina darasin a kan yadda muke gayya.

Shekarar nan ba mai zuwa gonar nesa shi kaɗai. Yayana Tanko shi ya tsara mana gayya ta zagaye, mu wajen ashirin, Musulmi da Kirista, yau gonar wannan gobe ta wancan. A fita rana tana hudowa, a tashi kafin azahar. Da can da ganga ake gayya, ana kirari ana tsere a kunyoyi. Shekarar nan shiru ake yinta, ba ka jin komai sai sarar hauya da numfashi. Sai kuma aka ƙara wani aiki da kakanninmu ba su san shi ba: mutum ɗaya ya hau bishiya mafi tsawo da usur a wuya, ya sa wa daji ido. Ba ya taɓa hauya. Amma in an kawo abinci nasa ake fara zubawa a ɗaure a igiya a miƙa masa, kuma ranar gonarsa kowa ya zo masa, ba mai cewa ai wane bai yi kunya ko ɗaya ba.

Wannan ne ya burge Hajiya Nafisa. Ta mai da shi zane mai da'irori da kibau masu launi, ta sa mai hawan bishiya a sama cikin da'ira kore. Ta ce wajen gabatarwa a zama na huɗu ni zan yi bayaninsa, tun da Dakta da kansa zai shigo. An sa zaman ranar Asabar da ƙarfe goma na safe.

Wanda ya saba hawa mana bishiya Bello ne, Bafulatanin da ya daɗe zaune tare da mu, wanda shi ma aka kore masa garke gaba ɗaya. Bello yana jin ƙarar babur tun kafin tsuntsaye su ji. Wata rana muna dawowa daga noman farko a gonar Ayuba, yake ba da labari yana dariya cewa yana saman maɗacin gonar sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, saƙon wata uku ya shigo. Kowa ya yi dariya ya manta, ban da ni.

Ayuba maƙwabcina ne, katanga ɗaya. Daga kudancin Kaduna ya zo tun ina yaro, ya yi gida ya yi gona, 'yarsa Rahila a ajina ta yi firamare. Baban Rahila nake ce masa. Gonarsa ita ce ta ƙarshe kafin daji, kuma shi kaɗai ya rage da shanun huɗa a ƙauyen, bijimai biyu da ya ɓoye ya lallaɓa har suka kai wannan damina. Da su ake yi wa kowa huɗa.

Ranar Laraba kafin zaman, marka ta cika rafin da ke tsakaninmu da hanyar gari, ko babur ba ya ƙetarewa. Na tsaya a bakinsa ina kallon jan ruwa yana wucewa da itatuwa, na san ba ni ba Birnin Gwari a satin nan. Abin da na yi bayan haka da hankalina na yi shi. An sa gayyar Ayuba ranar Alhamis, na je na sami Yaya Tanko na ce ƙasa ta yi laushi da yawa, shanu za su nutse, a bari sai Asabar. Ya ga magana ce mai ma'ana, ya yarda. Ranar Juma'a na sake komawa ina dafe da ƙugu.

"Yaya, bayana ya riƙe. Gobe ba zan iya sunkuyo ba. A bar ni in hau sama, Bello ya huta."

Bello yana wurin yana gyara ƙotar hauya. Ya ɗago ya dube ni.

"Malam, sama ba wurin hutu ba ne fa."

"Na sani, Bello. Idona lafiya lau."

"Ba ido kaɗai ba ne. Kunne ne."

Yaya Tanko ya ce ai Malam mai ilimi ne, ba sai an koya masa kallo ba. Bello ya ciro usur daga wuyansa ya miƙo mini.

Kwana biyu ina tattalin cajin waya. Ƙaramar solar da nake da ita ba ta ganin rana, sai in shimfiɗa ta a kan rufi duk sa'ad da gari ya ɗan yi haske, in ɗauke in yayyafi ya dawo. Ranar Asabar na fita da caji bai kai rabi ba, wayar a cikin leda, abin sa wa a kunne a naɗe a aljihun wando.

Gari ya waye da yayyafi mai laushi. Dawar Ayuba ta kai ƙugu, ciyawa ta cinye tsakaninta. Bawon maɗacin yana da santsi, ga jajayen tururuwa, kafin in kai reshen da Bello ke zama hannuwana sun kumbura da cizo. Na ɗaure ƙuguna da igiya a jikin bishiyar. Daga nan kana ganin komai. Gabana daji ne, kore har ya yi baƙi, hazo yana kwance a kansa, ga 'yar siririyar hanyar da babura ke fitowa. Ƙasa kuma bayan mutum ashirin ne a sunkuye, Ayuba yana can gefe yana bin bijimansa da garma. An riga an yi shiri: in aka ji usur, kowa ya bi ta cikin dawa ya faɗa kwarin rafi, Ayuba ya kwance shanu ya kora su can. An gwada, ana da isasshen lokaci in mai bishiya ya busa tun babura suna cikin daji.

Awa uku na yi ina aikin da aka sa ni, wannan kam zan faɗa. Da goma ta kusa na ciro wayar. Sanda biyu na sabis. Na yi murna, abin kunya ne amma haka aka yi. Na ce wa kaina kunne ɗaya kawai zan toshe, ido kuma yana kan daji.

Suka bayyana, kowa a ɗan akwatinsa, Dakta da fankarsa. A saman allon ga agogon na'ura yana ƙirga mintocina.

"Malam Idi, sannu da zuwa, yau an gan ka," in ji Hajiya Nafisa. "Amma iska ta yi yawa a wajenka, kuma kamar ba ka jin mu sosai."

Na sa na biyun a kunne.

Bayan minti ashirin aka zo kaina. Na fara magana, sai Dakta ya dakatar da ni cikin laushin muryar nan tasa. Ya ce haske yana bayana, fuskata ta yi duhu, na'ura ba za ta gane ni ba, in juya. Na san inda zan juya. Na gyara zama a kan reshe, na ba daji baya.

Na yi bayani mai kyau, ban taɓa yin irinsa ba. Na ce a kowane aikin tare akwai wanda aikinsa ba ya barin alama, kuma darasin da ya san kansa dole ya yi masa wuri. Na ce mai hawan bishiya ba ya noma kunya ko ɗaya, amma kowace kunya da aka noma da kwanciyar hankalin da ya bayar aka noma ta. Dakta yana gyaɗa kai yana rubutu. Agogo ya nuna minti talatin da shida.

A nan na ji wani gunji can ƙasa-ƙasa. Na ce wa kaina fankar Dakta ce. Shekara da shekaru ina juya wannan a raina, kuma na gaji da yi wa kaina ƙarya: na san ba fanka ba ce. Minti huɗu ya rage, na ce bari in ƙarasa jimlar da nake kai.

Ba ni na ba da sanarwa ba. Bello ne, daga ƙasa, da hauya a hannu, ya ɗago kai ya yi ihu. Ta gefen ido na ga mutane suna zubar da kayan aiki suna shiga dawa. Na waiga, babura shida sun riga sun fito fili. Na sa usur a baki na busa, busar da ba ta amfani kowa ba. Wayar kuwa ban kashe ta ba, na tura ta aljihu tana kan layi.

Kowa ya kai kwari ban da Ayuba. Ya tsaya kwance shanu, igiyar ta jiƙe ta ƙi kwantuwa. Na ji harbi biyu. Na manne a jikin maɗacin, ganye ya rufe ni, ina kallonsu a ƙarƙashina suna yanke igiya suna kora bijiman, Ayuba yana kwance a cikin kunyar da ya gama huɗawa. Tururuwa suna cizona ban motsa ba. A cikin kunnuwana biyu kuwa muryar Hajiya Nafisa ce, tsaf, kamar tana kusa da ni.

"Malam Idi, don Allah ka kashe sifikarka. Akwai ƙara a wajenka, tana damun mu."

Ban san lokacin da cajin ya ƙare ba. Da suka tafi na sauko. Harsashi ya sami Ayuba a cinya, ya fasa ƙashi. Mutane suka fito daga kwari, Yaya Tanko ya yage rigarsa ya ɗaure wurin. A lokacin ne matar Ayuba, Maman Rahila, ta iso da gudu. Tana hanya da abincin gayya ta ji harbi, ta yar da tukunyar faten a tsakiyar hanya. Ta durƙusa kan mijinta, sannan ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya har ta zo kaina. Idonta ya tsaya a wuyana. Usur yana rataye, kusa da shi farar igiyar abin kunne tana lilo.

"Malam," ta ce, "igiyarka ta fito."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma kowa ya ji.

A kan ƙyauren ɗaki muka ɗauko Ayuba. Rafi bai bari an ƙetare da shi ba sai bayan kwana biyu, kafin a kai asibiti ƙafar ta riga ta lalace. Ba a yanke ta ba, amma ba ta sake moruwa ba.

Ba wanda ya tara mutane a kaina. Yaya Tanko ya zo gidana da yamma, ya tsaya a ƙofa bai zauna ba.

"Bayan naka ya warke?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Ni ka sa na ɗaga ranar. Da bakina na ce a ba ka usur."

Ya juya ya tafi, bai sake yi mini magana ba sai bayan girbi. Hassana ma kwana uku tana ajiye mini abinci ba ta kallona. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da zagaye ya zo kan gonata. Na ɗauka ba mai zuwa. Rana tana hudowa na gan su a bakin gona, dukansu, Bello ya wuce ni ya hau bishiya. Suka nome ta tas, suka tafi ba wanda ya sha ko ruwan gidana.

Babu shanu, huɗar da ta rage da hannu aka yi ta, wadda ba a kai gare ta ba ciyawa ta ci. Kakar shekarar ta zo da ƙaranci. Na ɗauki masara daga ɗan abin da na samu na kai gidan Ayuba. Maman Rahila ta karɓa, don akwai yara a gidan, amma ba ta ce an gode ba, ni ma ban so ta ce ba.

Da rafi ya janye na shiga gari, saƙonni suka zubo. Na'ura ta rubuta mini minti hamsin da biyu. Na ci kwas ɗin, kuma makina ya fi na kowa a rukunin. Dakta ya yaba da yadda na ba da gudummawa a zaman ƙarshe. Hajiya Nafisa ta turo hoton furanni ta ce ai ta san zan iya in na sa kaina.

Na zauna a shagon mai caji na rubuta wa Dakta abin da ya faru, ban rage komai ba, har da juyawar da ya ce in yi. Bayan kwana huɗu ya amsa. Layi biyu na jaje ne, da addu'ar Allah ya kawo mana zaman lafiya. Layi na uku yana neman izinin ya riƙa nuna wa ɗalibai masu zuwa zanen gayyar nan, don misali ne mai kyau. Ban ba shi amsa ba, kuma na ji yana nunawa.

Ban ɗora musu laifin da yake nawa ba. Ni na ɗaga rana, ni na yi ƙaryar ciwon baya, ni na ji gunji na ce fanka ce. Amma har gobe ina jin haushin mutanen da suka zauna a ɗaki mai sanyi suka yanke cewa zama tare shi ne fuska a gaban kyamara minti arba'in, suka miƙa wa na'ura hukunci don kada wani ya zo musu da kuka. Na karanta musu darasi a kan mutumin da aikinsa ba ya barin alama, sun tafa, kuma ko waƙafi ba su canza a tsarinsu ba.

Takardar digirin tana cikin akwatin Hassana, ƙarƙashin zannuwa. Takardar neman canjin wurin aiki na cike ta tun shekarar, ban kai ba. Kada wani ya ce halin kirki ne. Duk sa'ad da na ɗauko ta sai in ji ƙarar sandar Ayuba ta bayan katanga, in mayar.

Yanzu an gyara turken, sabis har cikin ɗaki. Hanya ta ɗan yi sauƙi, an buɗe makaranta, rumbu ba ya amsa murya kamar da. Amma ba mu daina sa mutum a bishiya ba. Ni dai ba a sake ba ni usur ba, ban kuma nema ba.

Asabar ɗin nan da ta wuce aka yi gayyar Ayuba, cikin yayyafi irin na waccan ranar. Tun da ba ya iya noma, kujera ake kai masa gindin maɗacin, ya zauna ya miƙe ƙafar, ya cire hularsa ya ɗora a cinya bakinta sama. Duk wanda zai hau sai ya jefa wayarsa a ciki. Ba wanda ya kafa wannan doka da baki, kowa dai ya san daga inda ta fito. Na zo wucewa da hauyata a kafaɗa.

"Malam."

Ya miƙo hular.

"Baban Rahila, ai ba ni zan hau ba."

"Na sani. Kawo."

Haka muke yi kowace shekara, kalmomin ma ba sa canzawa. Na jefa wayata ciki. Ban yi taku uku ba ta yi ƙara, ya leƙa ya kira ni. Jami'ar ce take tuna mini ban cike akwatinsu ba. Ya tambayi me suke so, na gaya masa yadda yake: wai in rubuta abin da na ƙaru da shi a karatun aiki tare, cikin layi uku.

Ya kalli bakin dajin, ruwa yana ɗiga daga ganyen maɗaci a kan ƙafar tasa.

"Layi uku ya yi yawa," ya ce. "Rubuta musu ka ci jarrabawa. Ai ka ci ɗin."

Ya kife hular a kan wayar, ya nuna mini kunyar da zan kama.